Dara a Fuskar Waya: Riba ce ko Asara?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ratsa unguwannin Damagaram ko Maraɗi ko Dogon Dutsi bayan sallar La'asar, da wuya a ce bai ci karo da gungun maza a gindin bedi ko a inuwar zaure ba, sun sunkuya sun ƙura wa ƙasa ido kamar masu neman allurar da ta faɗi. Mutum biyu ne ke wasan, amma bakin mutum goma ne a cikinsa. Wannan ya yi gyaran murya, wancan ya girgiza kai, wani kuma ya jefo habaici ga wanda ake shirin ci. Abin da ya tara su bai wuce ƴan ramukan da aka tona a rairayi ba, da tsakuwoyi, da guntayen kara. Taku kaɗan daga wurin kuma akan iske samari a kan benci, su ma sun sunkuya, sai dai kowa da wayarsa a hannu, wani na buga lido, wani na buga ƙwallon ƙafa da yatsu. Tsakanin waɗannan gungu biyu babu gaba, babu kuma ciniki.

Wannan hoto shi ya sa tambayar da ake yi a kwanakin nan ta cancanci a tsaya a kanta: shin mayar da dara manhajar waya ko ta kwamfuta aiki ne da ya cancanci wahalarsa, ko kuwa hanya ce ta ƙarasa binne wasan da sunan raya shi? Matsayar wannan maƙala ita ce aikin ya cancanta, kuma jinkirta shi asara ce. Sai dai cancantar tana rataye da wasu sharuɗɗa, waɗanda in aka yi watsi da su, abin da za a samu a ƙarshe gawar dara ce sanye da sabuwar riga.

Wace Dara Ake Nufi?

Ya kamata ɗalibin Hausa ya fara da tantance kalmar. A rubutun yau da kullum, inda ba a nuna karin sauti da tsawon wasali, haruffa huɗun nan na iya nufin wasa, suna iya nufin jar hular nan da ake kira dara, suna kuma iya zama aikatau mai ma'anar yin dariya, kamar a ce yaro ya dara. Ga kuma ɗara mai ƙugiya, wadda ke nufin fifiko kaɗan. Ko a fagen wasan ma, Bahaushe yakan kira abu biyu da wannan suna. Akwai dara mai gurbi 12, wadda ake zuba ƴaƴa huɗu-huɗu a kowane gurbi, jimla 48, ana ɗiba ana rarrabawa. Ita ce ƴar'uwar ayo ta Yarbawa da oware ta mutanen Gana. Akwai kuma dara mai gurbi 30, wato jeri biyar sau shida, kuma a kanta ne wannan bayani ya fi karkata. Dakarkarin ƙasar Zuru sun shahara da ita, Zabarmawa na kiranta dili, a wasu wurare kuma akan ce mata doki.

Tsarinta a taƙaice shi ne: kowane ɗan wasa na da ƴaƴa 12, ɗaya ya riƙi tsakuwa, ɗaya ya riƙi tsinke ko kara, don a bambance. Da farko ana ajiye ƴaƴan ɗaya bayan ɗaya, bi da bi, kuma ba a yarda wani ya jera uku a wannan mataki ba. Idan duka 24 suka sauka, gurbi shida kacal ke saura babu kowa. Daga nan sai a fara tafiya, taku ɗaya gaba ko baya ko gefe, ba a ratsawa ta kusurwa. Wanda ya jera ƴaƴansa uku a layi ɗaya ya ci, sai ya ɗauke ɗa guda na abokin karawarsa. Jera huɗu ba ci ba ne. Wanda ƴaƴansa suka ragu har ba zai iya jera uku ba, an cinye shi. Gwanaye sun san cewa tun a wurin ajiye ƴaƴa ake cin wasa ko a faɗi, kuma babban burin kowa shi ne ya kafa irin shirin nan da ɗa guda zai riƙa kai da komo, duk takun da ya yi ya cika uku.

Kada sauƙin waɗannan dokoki ya ruɗi mai karatu. Idan aka lissafa hanyoyin da za a iya zaunar da ƴaƴa 12 na wannan da 12 na wancan a cikin gurbi 30, ba tare da la'akari da dokar hana jera uku ba, adadin ya haura tiriliyan ɗaya da rabi. Dattijon da ke tsugune a rairayi yana lissafi ne a cikin wannan teku, ba da alƙalami ba, ba da takarda ba.

Abin da Ake Tsoro Ya Riga Ya Taɓa Faruwa

Hujja ta farko, kuma mafi nauyi, ta masu son a mayar da dara manhaja ita ce wasa yakan mutu, kuma mutuwarsa ba ta da kuka. Misalin yana nan kusa, a maƙwabta. A ƙasar Barno an daɗe ana buga wani nau'in ces da ake kira tsatsarandi, wanda sunansa ya samo asali daga kalmar Larabci shaɗranj. A shekarun 1930 wasu jami'an mulkin mallaka sun rubuta gajerun bayanai a kansa a mujallar Man da ke fita a Ingila a wancan zamani, kuma tun a lokacin masu iya shi sun ƙaranta. A yau kusan abin da ya rage na tsatsarandi bai wuce waɗannan ƴan shafuka ba. Babu wanda ya haramta shi, babu wanda ya yaƙe shi. Masu iya shi ne suka tafi ɗaya bayan ɗaya, na baya kuma ba su karɓa ba.

Dara ba ta kai wannan hali ba, amma alamun suna bayyane ga mai lura. Yawancin gwanayenta masu furfura ne. Yaron da a da yakan tsuguna a bayan kawunsa yana kallo har ya gane, yanzu yana da abin kallo a aljihunsa. Saboda haka kuskure ne a ɗauka cewa zaɓin da ke gaban saurayin yau shi ne tsakanin dara a rairayi da dara a waya. Wayar ta riga ta shiga hannunsa, ba kuma za ta fita ba. Abin da ya rage a tantance shi ne mene ne zai tarar a cikinta: wasannin wasu al'ummu kaɗai, ko har da na kakanninsa. Wanda ya ƙi a sa dara a waya don kishin dandali, bai mayar da ko yaro ɗaya dandali ba. Ya dai tabbatar da cewa yaron ba zai gamu da dara a inda yake yini ba.

Hujja ta biyu ta shafi waɗanda dandali bai taɓa buɗe wa ƙofa ba. A mafi yawan garuruwa, majalisar dara ta maza ce, kuma ta manya. Budurwa ko matar aure mai kaifin lissafi ba ta da wurin zama a gindin bishiyar nan, ko da kuwa za ta iya cinye duk wanda ke wurin. Haka nan Bahaushen da aka haifa a zangon Kumasi ko Nima ta Ankara, ko a Yawunde, ko a Sudan, mai yiwuwa ya ji sunan dara a bakin kakarsa amma bai taɓa samun abokin bugawa ba. Manhaja na iya haɗa ɗan Tawa da ɗan Zuru a wasa ɗaya cikin dare ɗaya, abin da a da sai fatauci ko biki ke kawo shi.

Hujja ta uku ita ce koyo. A dandali ba a cika koyar da dara da baki ba. Kallo ake yi, a sha kaye, a sha dariya, har a iya. Wannan makaranta ce mai kyau ga mai haƙuri da kauri, amma tana korar mai kunya. Na'ura ba ta gajiya, ba ta yi wa mai koyo ba'a, tana kuma iya ajiye wasan da aka buga daga farko har ƙarshe don a sake dubawa. Wannan batu na ajiya babba ne. Masu ces suna nazarin wasannin da aka buga shekaru ɗari biyu da suka wuce domin an rubuta su taku bayan taku. Wasan dara kuwa, komai kyansa, da an tashi iska ta share shi. Gwanaye nawa ne suka shuɗe a ƙasar Hausa ba a san ko taku ɗaya daga cikin dabarunsu ba?

Abin da Manhaja Ba Ta Iya Ɗauka

Masu ƙin wannan aiki ba jahilai ba ne, kuma hujjojinsu sun cancanci a saurare su da kunnen basira. Suna cewa dokokin dara kashi ne kawai, naman kuwa yana wurin jama'a. Wasan wuri ne na hira da sasanci da jin labarin gari. A nan ne talaka ke cinye attajiri ya yi masa dariya a bainar jama'a ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba. A nan abokan wasa na al'ada, kamar taubasai, ke baje kolin barkwancinsu. A nan yaro ke koyon yadda babba ke shan kaye ya haɗiye fushi, da yadda mai nasara ke taƙaita murna don gobe ma rana ce. Mutumin da ke buga dara shi kaɗai a ɗaki da na'ura ya samu lissafin, amma duk wannan tarbiyya ta wuce shi. Wannan gaskiya ce, kuma babu wata manhaja da za ta musanta ta.

Akwai kuma batun tsada. Darar rairayi ba ta cin ko tamma. Hannu ke tona gurbi, ƙasa ke ba da tsakuwa. Darar waya kuwa tana bukatar waya mai shafawa, da caji, sau da yawa har da kuɗin intanet, alhali a ƙauyuka da dama sai an biya mai janareto ko mai faranti mai aiki da hasken rana kafin a cika batir. Ɗaukar abin da yake kyauta a mayar da shi abin saye ba ci gaba ba ne a kowane hali. Ga kuma tarkon da ya fi wannan muni: yawancin wasannin waya da talla suke rayuwa, wasu kuma da caca. Duk wanda ya ga yadda shagunan cacar ƙwallo suka cinye aljihun samari a birane, yana da dalilin fargabar ranar da za a ce a zuba kuɗi kafin a buga dara.

Amma hujjar da ta fi dukkansu zurfi, wadda kuma ta fi shafar ɗalibin harshe da al'ada, ita ce ta daskarar da doka. Dara ba iri ɗaya ba ce a ko'ina. Wasu na buga ta a gurbi 30, wasu a jeri shida sau bakwai. Wasu sun yarda a ɗauke ɗa daga cikin ukun da abokin karawa ya riga ya jera, wasu sun hana. Wasu sun ɗauki jera huɗu a matsayin takun banza, wasu sun haramta shi ɗungurungum. A dandali, irin wannan saɓani da baki ake warware shi: baƙo ya tambayi yadda ake yi a garin, ko dattijo ya yanke hukunci. Kwamfuta ba ta san wannan sassauci ba. Dole mai rubuta manhaja ya zaɓi doka ɗaya ya rubuta, kuma daga ranar duk yaron da ya koya a waya zai ɗauka ita ce dara, sauran kuwa kuskuren ƙauyawa ne.

Wannan ma ba hasashe ba ne. A Habasha akwai nau'in ces na gargajiya mai suna senterej, wanda a farkonsa kowane ɗan wasa ke ta tafiyar da ƴaƴansa yadda ya so ba tare da jiran abokinsa ba, har sai an yi cin farko. Yaɗuwar ces mai dokokin duniya ta ture shi gefe. A fagen oware kuma, nau'in da ake kira abapa shi ne aka ɗauka don gasa, shi ne kuma mafi yawan manhajoji ke ɗauke da shi, ta yadda mai koyo daga waya zai iya zaton babu wani nau'in sai shi. Ɗaliban Hausa sun san irin wannan labari a gida. Daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina galibi a kan karin Kano, ta yi wa rubutu da koyarwa babban amfani, amma ta sa wasu ƴan makaranta na jin kunyar Sakkwatancin ko Adaranci ko Arewancin da suka tashi da shi. Manhajar dara da aka yi da gaggawa za ta iya yi wa darar Ader ko ta Zuru abin da ya fi haka.

Idan Na'ura Ta Fi Gwani

Wani abin da ke damun masu kishin wasan shi ne darajar gwani. Tarihin shekarun baya ya nuna inda aka dosa. A watan Mayun 1997 kwamfutar kamfanin IBM mai suna Deep Blue ta doke zakaran ces na duniya, Garry Kasparov, a Amurka. A 2002 wasu masana biyu na wata jami'a a Amsterdam ta ƙasar Holan, John Romein da Henri Bal, suka warware awari gaba ɗaya, bayan sun bi diddigin yanayi sama da biliyan 889, suka nuna cewa idan kowane ɓangare bai yi kuskure ba, canjaras ake tashi. A 2007 Jonathan Schaeffer da abokan aikinsa a Jami'ar Alberta ta Kanada suka kai ga irin wannan sakamako a kan nau'in daraf mai gida 64. A watan Maris na 2016 kuma manhajar AlphaGo ta ci Lee Sedol na Koriya ta Kudu wasa huɗu cikin biyar a wasan go, wanda ake ganin ya fi ces faɗi nesa ba kusa ba. Bayan shekara uku Lee ya yi ritaya, yana mai nuni da cewa an samu abokin karawar da ba a iya kayarwa.

Idan aka dubi girman dara kusa da na waɗannan wasanni, babu dalilin zaton za ta gagari na'ura. Ranar da aka ba ta muhimmanci, za a samu manhajar da babu wani gwani a Damagaram ko Zuru da zai iya cinye ta. Tambayar ita ce ko wannan zai kashe wasan. Abin da ya faru da ces ya ba da amsa. Bayan 1997 mutane ba su daina bugawa ba. Ƙaruwa ma suka yi, musamman a 2020 lokacin kullen annobar korona, sa'ad da dandalin ces na intanet suka cika maƙil. Na'urar ta koma malama, har ta kai a 2021 wani yaro ɗan shekara 12 ya samu matsayin babban gwani na duniya. Dalili kuwa a fili yake. Mota ta fi doki gudu, amma ba a daina sukuwa ranar hawan salla ba. Ɗan Adam na son ya kara da ɗan'uwansa, mai gumi da fargaba da kuskure irin nasa. Abin da na'ura za ta rage wa gwani shi ne da'awar cewa babu wanda ya fi shi, wannan kuwa da ma ba tasa ba ce.

Sharuɗɗan da Za Su Sa Aikin Ya Yi Albarka

Idan aka auna hujjojin ɓangarorin biyu, za a ga cewa na masu ƙi ba su rushe aikin ba, sun dai nuna yadda bai kamata a yi shi ba. Daga cikinsu ne ma ake fitar da sharuɗɗan.

Na farko, a fara da dandali kafin a taɓa kwamfuta. A je garuruwa a zauna da gwanaye, a ɗauki dokokin kowane yanki yadda suke, a rubuta sunan garin da aka samo su. Manhajar ta ba mai wasa damar zaɓen nau'in da yake so, kowanne da sunan ƙasarsa, kada a ɗora ɗaya a kira shi na asali. Wannan ba abu ne mai wuya ga masu fasahar ba. A Jami'ar Maastricht ta Holan an gina wani tsari mai suna Ludii wanda ke ɗauke da ɗaruruwan wasannin gargajiya na duniya, da yawansu da nau'o'i fiye da ɗaya. Idan baƙi sun iya yi wa wasannin duniya haka, ƴan gida ba su da uzurin kasa yi wa wasa ɗaya.

Na biyu, manhajar ta yi magana da Hausa, kuma Hausar masu dara. Wannan shi ne wurin da aka fi saurin yin sakaci. Mai rubuta manhaja yakan tsara komai da Faransanci ko Ingilishi, daga baya ya nemi wanda zai fassara masa maɓallan, sai a samu Hausar da babu wani ɗan dara da ya taɓa furta ta. Alhali wasan na da kalmominsa: gurbi, gida, ɗa, ci, kashewa, toshewa, da wasu da dama da suka bambanta daga gari zuwa gari. A saka su yadda aka ji su, da haruffa masu ƙugiya daidai, a kuma saka murya domin wanda bai yi boko ba. Zai yi kyau a samu zaɓin ajami, tun da yawancin dattawan da suka riƙe wasan da shi suke karatu.

Na uku, ta yi aiki ba tare da intanet ba, a kan ƙaramar waya mai araha, kuma ta ba mutum biyu damar bugawa a waya ɗaya suna fuskantar juna. Wannan ƙaramin abu shi ne zai sa wayar ta zama allon dara da ake ajiyewa a tsakiyar tabarma jama'a su kewaye, maimakon ta zama bangon da ke raba kowa da kowa.

Na huɗu, babu caca, babu tallan da ke katse tunani. Akwai abin koyi a nan. Dandalin ces na Lichess, wanda wani Bafaranshe mai suna Thibault Duplessis ya kafa a 2010, kyauta ne, ba ya ɗauke da talla, da gudummawar masu amfani da shi yake tafiya, kuma kowa na iya duba yadda aka rubuta shi. Irin wannan tsari ne ya dace da abin da yake gadon al'umma, wanda babu wani kamfani da ya ƙirƙira, balle ya mallaka.

Na biyar, a ambaci gwanayen da aka ɗauko ilimin daga wurinsu, da izininsu, a kuma saka musu. An daɗe ana zuwa ƙauye a kwashi sani a tafi birni a sa sunan wani. Idan manhaja za ta koyar da wata dabara, ta faɗi daga bakin wa aka ji ta da kuma garinsu.

Rabon Ɗalibin Hausa a Cikin Aikin

Mai karatu na iya cewa wannan duk aikin masu ilimin kwamfuta ne. Ba haka ba ne. Rubuta dokokin dara a harshen na'ura aikin ƴan makonni ne ga wanda ya ƙware. Abin da ke ɗaukar shekaru, wanda kuma babu mai iya yin sa sai wanda ya san harshe da al'ada, shi ne tattara abin da za a zuba a ciki. Ɗalibin da ke neman batun kundin digiri a Yamai ko Damagaram ko Sakkwato yana da fili a nan wanda ba a gama nomewa ba: kalmomin dara a karin harshen yankinsa, da kirarin da gwanaye ke yi wa kansu, da habaicin ƴan kallo, da camfe-camfen da ke tattare da wasan, da bambancin dokoki tsakanin gari da gari. Ƙamusun Bargery ya fito tun 1934, kuma ya adana kalmomi masu yawa da bakin yau ya manta domin an bi ƙasa an tambaya. Irin wannan bin ƙasa ne dara ke bukata yanzu, tun masu amsawa na raye.

Akwai kuma ribar da ta shafi fahimtar harshen kansa. Aikatau ci na daga cikin kalmomin Hausa mafi yalwar ma'ana: a ci tuwo, a ci kasuwa, a ci jarrabawa, a ci amana, a ci gari da yaƙi. Cin da ake yi a dara reshe ne na wannan bishiya, kuma daga fagen wasan ne aka samu karin maganar nan da ake cewa dara ta ci gida, wadda ake yi idan abin da aka shirya don wani ya juyo ya faɗa wa na gida. Ɗalibin da bai taɓa ganin an buga dara ba zai iya haddace wannan magana ya kawo ta a jarrabawa, amma hoton da ke bayanta ba zai taɓa zo masa ba. Duk lokacin da wata sana'a ko wani wasa ya mutu, akwai karin magana da salon zance da ke zama marayu, ana furta su ba a san mahaifinsu ba.

Kammalawa

Mayar da dara manhaja aiki ne da ya cancanci a yi shi, domin wayar ta riga ta zama inda matasa ke yini, domin tana buɗe wasan ga mata da mazauna nesa, domin kuma tana iya ajiye abin da iska ke sharewa kullum. Haɗarin da ke ciki na gaske ne: daskarar da doka ɗaya, da korar harshen wasan, da shigowar caca. Maganin waɗannan kuwa shi ne masu harshen da masu wasan su riga kowa shiga aikin, domin idan suka tsaya kallo, wani zai yi shi daga nesa, da dokar da ya tsinta a littafi guda, da harshen da ba nasu ba.

Ma'aunin da za a gane ko manhajar ta yi nasara ba yawan waɗanda suka sauke ta ba ne. A duba gindin bedin nan bayan shekara biyar. Idan aka iske wani saurayi da ya koyi dara a waya ya zo ya tsuguna gaban dattijo, ya ce, "Baba, a ba ni tsinke in gwada," to, kuɗin da aka kashe da wahalar da aka sha ba su tafi a banza ba. Kafin wannan rana, abin da ke hannun ɗalibi shi ne ya ɗauki littafinsa da na'urar ɗaukar magana, ya nufi majalisar dara mafi kusa da gidansu, ya gaida mutanen wurin, ya nemi izinin zama.